Yadda ciyawa da maganin feshi suka so cinye min dashen lemo

Mutum biyu ne suka zo sayen dashe a wurina cikin watan nan, kuma duk tambaya ɗaya suka yi min, wai wane magani nake fesawa da babu ciyawa a ledojina, su ma suna so su fara rainon lemo. Da nace musu ni ba na fesa komai a cikin leda sai suka dube ni kamar ina ɓoye musu sirrin sana'a. To wallahi babu wani sirri, wahala ce na sha, kuma gara in zayyana ta daga farko ko wani zai tsira da kuɗinsa.

Lambunmu na gado ne a gefen Kura, muna shan ruwan kanal ɗin da yake tahowa daga dam ɗin Tiga, tumatur da albasa muka sani sai shinkafa da damina. Abin da ya ja ni ga lemo shi ne yadda na ga mutane suna ta neman mai aure don su kafa gonar itatuwa, alhali yawancin lemon zaƙin da ake saukewa a kasuwar 'Yan Lemo daga Binuwai ake kawo shi. A ƙarshen Nuwamba 2021 na samo irin babban lemon tsamin nan mai kaushin ɓawo wanda ake ɗora aure a kansa, na matse na cire 'ya'yan na wanke santsin, na ɗan bar su a inuwa suka sha iska na shuka a bedi, don an riga an gaya min ƙwayar lemo in ta bushe ƙarau a rana to ta mutu. Sanyin hunturu ya sa sai da suka kusa wata guda kafin su leƙo, kullum ina tona gefe da yatsa ina dubawa, amma dai suka fito da kyau. Har nan babu matsala.

A Fabrairu 2022 na sayi baƙar leda guda 2,000, na sa aka kawo min yashi, ƙasa kuma muka kwasa daga bakin gonar nan inda jiji yake fitowa duk shekara, don ita ce kusa kuma ta fi baƙi. Taki na sayo daga ruga, kashin shanu busasshe da aka kwaso daga makwanta, muka gauraya kashi 2 ƙasa, 1 yashi, 1 taki, yara suka yi kwana 4 suna ɗurawa. Akwai wani dattijo maƙwabcin lambunmu da muke ce wa Baba, ya tsaya ya ɗebi takin a hannu ya murza ya shinshina yace, ɗana, takin nan bai ruɓe ba, duk ciyawar da saniya ta ci a daji ga 'ya'yanta nan ka sayo da kuɗinka. Nace Baba ai za mu riƙa cirewa. Yace to Allah ya ba da sa'a, ya yi gaba abinsa. Na jera ledojin nan a kan ƙasa tsirara, layi 10 a manne da juna don in rage wuri, ta yadda hannu ba ya kaiwa tsakiya sai ka taka wata.

Ko kwana 10 ba a yi da dashe ba saman ledojin ya yi kore shar. Da farko ma sha'awa abin yake ba ni. Ga zaƙi-banza, ga harkiya, ga guɗe-guɗe, ga nonon kurciya, ga fasa-ƙaba da take shimfiɗuwa ta rufe bakin leda, wadda in ka cire ka yar a gefe gutsurenta ma sai ya kama ƙasa ya ci gaba da rayuwa. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne lemo ba ya sauri, ɗan dashe mai ganye 5 ko 6 zai yi wata yana nan kamar an dasa ƙusa, ita kuwa ciyawa mako biyu ya ishe ta ta kere shi, kuma ƙasar leda 'yar kaɗan ce, ruwan da ka zuba da takin da ka sa duk raba su suke yi, mai saiwa da yawa ita ke ɗaukar babban kaso. Sai ɗiban tumatur ya taso, azumi kuma ya kama a farkon Afrilu, zafi ga ƙishi, nace bari a sha ruwa tukunna. Bayan sallah da na tsaya na duba sosai sai da gabana ya faɗi, a wasu ledojin sai ka buɗa ciyawa da hannu kafin ka ga lemon, ya yi siriri ya yi ɗorawa kamar mai ciwon shawara.

Na ɗauko yara 6 suka yi kwana 3 suna cira, kowa naira 1,000 a rana ban da abinci. A nan na yi asarar farko. Tuji in ya girma a leda saiwarsa tana naɗe ƙasar gaba ɗaya, yaro ya kama ya fizga sai ka ga ya taso da dunƙulen ƙasa har da lemon a ciki, ya mayar ya danna da ƙafa ya wuce bai gaya wa kowa ba. Bayan kwana 3 waɗanda aka tsinka wa saiwa suka fara yaushi, na ƙirga wajen 150 da ba su tashi ba. Ban ga laifin yaran ba sosai, ni na ce a gama da wuri.

Da damina ta kankama a Yuli sai abin ya koma ƙasa, hanyoyin da ke tsakanin layuka suka cika da jiji da ƙiri-ƙiri, shi ƙiri-ƙiri har yana hawa leda yana kafa saiwa a ciki, jiji kuwa ka nome yau jibi ya dawo. Na gaji, na tafi shagon maganin gona. Nace Alhaji ina son maganin da zai kashe min jiji har saiwa. Ya miƙo min kwalba lita 1 ta gilaifoset, yace wannan ba ya barin komai, na biya wajen naira 3,000, babu rasit, ban karanta takardar jikin kwalbar ba shi ma bai tambaye ni me na shuka a wurin ba. In za a faɗi gaskiya mutumin bai yi min ƙarya ba, cewa ya yi ba ya barin komai, ni ne ban tsaya na tambayi kaina ko lemo yana cikin komai ɗin ba. Na aro injin feshi na goyo mai lita 16 a wurin wani abokina manomin shinkafa, na ba ƙanena nace ya bi hanyoyin kawai kada ya taɓa leda, ni kuma na tafi ɗaurin aure. Da la'asar ya yi feshin, hadari yana haɗowa iska tana kaɗawa, ya ɗaga bakin injin sama don ya yi sauri.

Mako guda ciyawar ta fara yin ɗorawa, jijin nan ya kwanta, har ina yi wa Baba kuri. Sai a mako na uku na lura sabon tohon da ke fitowa a layukan gefe ba irin wanda na sani ba ne, ganyen sirara kamar allura, ƙanana, sun fito cunkus a wuri ɗaya kamar tsintsiya, wasu kan nasu ya bushe daga sama. Ko kusa ban kawo maganar feshi a raina ba tunda an kwana biyu. Nace yunwa ce, na barbaɗa musu takin zamani, wasu ya ƙara ƙona su. Nace to ƙwari ne, don dama akwai tsutsar nan mai zane a cikin ganyen lemo tana nannaɗe shi, na sayo maganin ƙwari na zuba a wannan injin dai da aka ɗauraye sau ɗaya, na bi duka ledojin da kaina har na tsakiya waɗanda da lafiyarsu ƙalau. Garin neman gira na rasa ido. Kwanakin nan ko barcin kirki ba na yi, matata tana tambaya ina cewa ba komai, alhali kuɗin albasar bara ne kaf na zuba a wurin.

Baba ne yace in daina cacar magani in je in nemo malamin gona. Ran Litinin na je sashen gona na sakatariya, aka ce ya fita ƙauye in dawo Laraba. Laraba na isa ƙarfe 9, na rubuta sunana da garinmu da abin da ya kawo ni a wani babban littafi, na zauna a benci har aka yi azahar sannan ya shigo. Na fara ba shi labari yace dakata Malam, ina tsiron, ina kwalbar? Ban zo da ko ɗaya ba, hoton waya kawai, shi ma bai fito sosai ba. To duk mai zuwa irin wannan wuri ya ɗauki leda biyu, mai ciwo da mai lafiya, da kwalbar duk abin da ya fesa ko ta ƙare, zai rage wa kansa zirga-zirga. Ba a karɓi ko sisi a ofis ba, amma da yace zai zo ya gani da idonsa ran Asabar na ba shi naira 2,000 na man mashin, kuma ya zo.

Yana tsugunnawa a layin farko yace an yi feshin ciyawa a nan. Ya karɓi kwalbar ya nuna min inda aka rubuta sunan sinadarin da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, yace sunan kamfani da hoton jikin kwalba ba su ne abin dubawa ba, kwalabe da yawa suna daban-daban amma abin ciki ɗaya ne. Yace shi wannan ta koren jiki yake shiga ya bi har saiwa, shi ya sa yake cin jiji, kuma ƙaramin lemo ba ganyensa kaɗai ne kore ba har karan, ya kankare da farce ya nuna min, saboda haka ɗan raɓar da iska ta kwaso ta ishe shi. Babbar bishiya mai kaurin ɓawo ana iya fesa ƙarƙashinta a hankali, ban da ɗan leda. Nace ranka ya daɗe to mene ne maganinsa? Yace babu, ka ba su ruwa daidai, ka daina taki, ka yi musu 'yar rumfa, wanda bai sha da yawa ba zai sake toho mai kyau bayan wata biyu ko uku, wanda ya tsuke kuma ka zubar don ko ka ɗora masa aure ba zai yi ƙarko ba. Da ya ji injin na manomin shinkafa ne sai ya kama baki, yace masu shinkafa suna amfani da wani maganin ciyawa 2,4-D, shi kuwa kaɗan ɗin da ya maƙale a tiyo ya isa ya murɗe ganyen lemo. Na tambaye shi farakwat, mai ƙone ciyawa a yini ɗaya, yace shi ma duk koren da ya taɓa ya ƙone, jiji kuma sama kawai yake ƙonawa ya dawo, sannan guba ce da ba ta da makari in ta shiga cikin mutum. Atarazin na masara kuwa yace ko kusa da leda kada in kai shi. Ya ambaci masu hana ƙwayar ciyawa tsirowa irin su fendimetalin, yace akwai masu raino da suke amfani da su amma sai da awo na ƙa'ida, ba sa taɓa ciyawar da ta riga ta fito kuma ba sa hana jiji, in ma zan gwada in ware leda 20 in jira wata guda in gani. Shi ne kuma ya tuna min cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Ibadan tana da reshe a Bagauda, nan kusa da mu, in ina neman idon aure mai asali, wato ɗan idon reshen da ake yankowa daga bishiya mai kyau a ɗora wa dashe.

Cikin 2,000 ɗin nan, 1,200 da 'yan kai ne suka kai aure, su ma a makare.

Zagaye na biyu ban kai dashe leda ba sai da na gama da ƙasa. Tun kaka na tara takin a wuri ɗaya na jiƙa shi na rufe da tsofaffin buhuna, duk mako biyu mu juya mu ƙara ruwa, in ka cusa hannu ciki zafi kamar tukunyar tuwo, wannan zafin shi ke kashe yawancin 'ya'yan ciyawa, na gefe da ba su ji zafi ba kuma su tsiro a kan tulin mu juye su ciki. Wata 3 ya yi baƙi ya daina wari. Ƙasa na canza wurin ɗiba, duk da haka sai da muka tace ta da rariyar magina, kuma ka ga 'ya'yan jiji da suka rage a kan rariyar, baƙaƙe masu tauri kamar ƙananan aya a jere da zare yana haɗa su, a nan na gane dalilin da noma ba ya kashe shi, fartanya tana yanke zaren ne kowane ɗa ya zama uwa. A tsakiyar Maris 2023 muka baza haɗin kaurin taƙi ɗaya, muka jiƙa shi sosai, muka rufe da farar leda mai nuna ciki, ba baƙa ba, muka binne bakinta ta ko'ina don kada iska ta shiga, muka bar wa ranar bazara mako 6. Akuya ta taka ta huda sau biyu na liƙe da salatif. Da muka buɗe, ciyawar da ta yi ƙoƙarin tsirowa a ciki duk ta dahu ta yi fari.

Filin da za a jera ledoji kuwa a nan ne kaɗai na sake amfani da gilaifoset, lokacin babu leda ko ɗaya a wurin kuma bedin yana can nesa na rufe shi. Na ba filin ruwa jiji ya fito ya yi ganye sosai, na fesa da sassafe iska ba ta tashi ba, da ruwan rijiya mai kyau don ruwan kanal mai laka yana rage masa ƙarfi, na sa takalmin roba da safar hannu da takunkumi. Bayan mako 3 wanda ya sake fitowa na ƙara masa. Injin nawa ne na kaina na saya, na shafa masa jan fenti, ba ya shan komai sai maganin ciyawa, na ƙwari daban yake. Sannan na shimfiɗa baƙar leda mai kauri a ƙasa, inda ba ta kai ba na sa tsohuwar tamfol, wannan ya ƙara min wani amfanin ma don saiwar lemo ta daina fasa gindin leda tana shiga ƙasa. Jeri kuma leda 4 kawai a faɗi sai hanya, daga kowane gefe hannu yana kaiwa.

Bayan dashe a watan Mayu sai na rufe bakin kowace leda da buntun shinkafa, wanda a Kura ba abin wahala ba ne, kuɗin buhu da na ɗauko ne kawai. Amma a nemi na shinkafar da aka turara kafin a kai inji. Buhun farko da na karɓa na ɗanyar shanshera ne, sai ga shinkafa tana tsirowa a ledar lemo, Baba ya yi ta dariya yana cewa ɗana ka haɗa rani da damina a leda ɗaya. Kaurin yatsa biyu nake zubawa, in ya gaza haka haske yana kaiwa ƙasa ciyawa ta fito, kuma ina jan shi baya kaɗan daga jikin karan, don lemo ba ya son danshi ya zauna masa a wuya, daga nan ciwon nan mai sa gindi ya riƙa fitar da ƙaro yake kamawa. Matsalarsa ba shi da nauyi, in ka sakar masa tiyo zai taso ya zube, dole sai da bokitin ban ruwa mai rariya a baki, in ya jiƙu sau uku huɗu sai ya kwanta ya kama jikinsa. Na gwada garin katako a layi ɗaya gara ta shigo, na kwashe. Bakin tiyon da ke jan ruwa daga kanal kuma na ɗaure masa yankin tsohon gidan sauro, ranar farko da na kwance na ga tarin 'ya'yan ciyawar da ya tare na yi mamaki.

Duk da haka cira da hannu ba ta fita ba, sai dai ta zama aikin awa biyu ni da ƙanena duk Asabar bayan ban ruwa, lokacin ƙasa ta yi laushi. Ciyawa tana ganye biyu ake cire ta, ka dafe ƙasar gindin lemon da yatsu biyu na hagu ka zare da dama. Wadda ta ɓuya ta girma ba a fizgarta, almakashi nake sawa in yanke ta daidai ƙasa, in ta sake toho in sake yankewa. Abin da aka cire a bokiti yake tafiya, ba a zubarwa a hanya, musamman fasa-ƙaba. Kewayen wurin ma ina sassabe shi kafin ciyawa ta yi kai, don iska ba ta neman izini. A wannan zagayen cikin 2,000 waɗanda suka mutu ba su kai 100 ba, kuma zuwa Nuwamba yawancinsu sun kai kaurin fensir na fara aure.

In na lissafa, farar leda da baƙar shimfiɗa da injin feshi sun ci kuɗi a tashin farko, amma ba su kai abin da na biya 'yan cira da magungunan banza da dashe 800 da na zubar ba, kuma shimfiɗar har yanzu ita nake amfani da ita. Wanda zai fara, ya ba taki wata 3 ɗinsa, ya lissafa yadda rufe ƙasa zai faɗo a Maris da Afrilu don ranar damina ba ta da wannan ƙarfin, ya gama duk wani feshi kafin leda ta sauka a wurin, in kuma ya shiga shagon magani ya fara faɗin abin da ya shuka kafin ya faɗi abin da yake so ya kashe. Kada kuma ya ba wani feshi ya tafi biki.

Jiji dai har yau ban rabu da shi ba. Akwai kusurwar da ke kusa da kanal inda yake huda baƙar ledar da tsininsa ya fito kamar ba a yi komai ba, buntu ma ratsa shi yake. Shi sai dai doguwar ƙusa, ka bi karan a hankali har ka taɓo ɗan ka ɓanɓaro shi, ka laluba zaren ko akwai na kusa. Muna tara su a gwangwani su bushe mu zuba a murhu, Asabar ɗin da ta wuce ma sai da muka cika rabin gwangwanin madara.